Laba, oza da tan: amsar tambayoyinku kan awon nauyi

Wani mai kiwon kajin gidan gona daga Zariya ya ce ya sayi sikelin rataye, fuskarsa da layin lambobi biyu, ɗaya an rubuta kg, ɗaya lb. Ya rataya kaza, allura ta tsaya a kan 4 a layin lb. Kilo nawa ke nan?

Malam, lb ɗin nan ita ce laba, awon Ingila da har yanzu Amurka ke aiki da shi. Laba 1 giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Kazarka kilo 1.8 ce. In kana cikin kasuwa babu na'urar lissafi, raba labobin biyu, sannan ka cire ɗaya bisa goma na abin da ya fito: 4 ta koma 2, ka cire 0.2, saura 1.8. Shawarata, ka manna takarda a kan layin lb gaba ɗaya, don kada yaron da ke yi maka awo ya karanta shi bisa kuskure.

Daga Funtuwa kuma wani manomin masara ya ga takardar da ta ce a zuba yuriya laba 100 a kowace eka. Laba 100 kilo 45 ce da ɗan ɗoriya, buhunmu mai kilo 50 kuwa laba 110 ne. To buhu guda ya ishi eka har da ragowa. Mai lissafi da hekta ya ninka 100 ɗin nan da 1.12, ya sami kilo 112 a kowace hekta. Sai dai wannan adadi don ƙasar wasu aka tsara shi, a tuntuɓi malamin gona kafin a bi.

Oza, wadda ake rubutawa oz, guda 16 ce ke yin laba 1, kowace oza giram 28. Amma a kula da kwalbar maganin feshi: in an rubuta fl oz, wannan awon ruwa ne, kusan mililita 30. Sirinji ko murfin awo ake sa masa, ba sikeli ba.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani mai tara riɗi, wanda aka yi masa tayin farashi a kan tan, shi kuma bai tambayi wane tan ba. Alhaji, tan uku ne a duniya. Na Ingila laba 2,240 ne, wato kilo 1,016, da shi aka riƙa auna gyaɗa zamanin dalar Kano. Na Amurka laba 2,000, kilo 907. Wanda muke ciniki da shi yau kilo 1,000 cif. Tsakanin namu da na Amurka akwai kusan kilo 93. A tan guda ba ka ji a jikinka, amma a lodin tan 30 bambancin ya kusa buhu 28 masu kilo 100, guminka da na manoman da suka ba ka amana. Abin da ke ba ni takaici, irin wannan asara ba ta fitowa fili sai kaya sun bar hannu, lokacin da babu sauran ja-in-ja.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar da ta ce tan kawai. Ka ce a rubuta kilo nawa ne, a kuma fayyace ko da nauyin buhu aka auna ko an cire shi.