Wasan waƙa a tsakar gida: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Mu matasan mawaƙa ne a Damagaram. Da muka rasa wurin wasa, sai muka koma tsakar gidan da nake haya a Sabon Gari, mai shiga ya ba da jika ɗaya. Yanzu maƙwabci ya ce zai kai mu kwamisariya. Laifi muka yi?

Amsa: Ɗan'uwa, yin waƙa a gida ba laifi ba ne, kuma na ji daɗi da ba ku zauna jiran mai gayya ba. Sai dai jikan nan da kuke karɓa a bakin ƙofa shi ya canza al'amarin. Idan dangi da abokai ne kawai, ba kuɗi, taron gida ne. Da zarar kun tallata a Facebook, duk mai kuɗi ya shigo, hukuma za ta ɗauke shi taron jama'a. Don haka kafin kowane wasa ku kai takarda ofishin magajin garin gundumarku, Zinder na da biyar, da rana da lokacin tashi, ku riƙe kwafi mai hatimi.

Ko da takardar, maƙwabcinka yana da haƙƙi. Hayaniyar dare abin tara ce, kuma lasifika ba ta san katanga ba. Ka je ka same shi tare da mai unguwa, ku tsai da lokacin tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne hayar. An ba ka gidan ne don zama. Mai gida na iya neman a raba yarjejeniya idan ka mayar da shi wurin sana'a, saboda haka ka nemi yardarsa a rubuce. Sannan idan wayar lantarki da kuka ja a ƙasa ta kama wani, ko benci ya karye da shi, sashe na 1382 na dokar farar hula ya ɗora diyya kan wanda ya jawo cutar. Kai za a fara nema.

Waƙoƙin wasu kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta 2010 ta kare su. Rera su gaban masu biya na buƙatar izinin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar. Naku ma ku yi musu rajista can, tun kafin wani ya ɗauka a waya ya yaɗa da sunansa.