Tambayoyin Masu Karatu: Sayayya a Kasuwannin Hong Kong

Tambaya: Zan ziyarci Hong Kong, shin waɗanne kasuwanni ya kamata in leƙa, kuma ana taya kaya a can kuwa?

Amsa: Malam, kasuwar dare ta Temple Street da ke Kowloon ba ta ci sosai sai bayan faɗuwar rana, lokacin da ake baje tufafi da agoguna da kayan waya, kuma ana ciniki, saboda haka kada ka amince da farashin farko. Haka ma ake ciniki a kasuwar Ladies' Market ta unguwar Mong Kok. Amma a kasuwar duwatsun jade (wani dutse mai daraja, galibi kore, da ake yin kayan ado da shi) ta unguwar Yau Ma Tei nake roƙonka ka yi hattara, domin akan rina dutse maras daraja har ido ya kasa bambance shi da na ƙwarai. Idan mai tsada ne, ka nemi takardar gwajinsa. Ka kuma riƙe tsabar dalar Hong Kong a hannu.