Amsa kan maganar sayen na'urar GPS

Assalamu alaikum jama'a. Shugaba, na ji muryarka inda kake tambaya ko mu kwashe kuɗin da aka tara mu saya ma kowa Garmin, wato na'urar GPS ta hannu, kafin mu fara aikin taswirar rijiyoyin burtsatse da asibitocin unguwa. To, ni dai a ganina, a'a. Ku ɗan ba ni minti biyu.

Wayar da ke aljihunmu, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana da GPS a cikinta, kuma ba ta buƙatar data kafin ta gano inda kake. Daga tauraron ɗan'adam take jin sigina kai tsaye, da ta kama huɗu shi ke nan. Ko lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumominmu na Jihar Katsina a 2021, GPS bai daina aiki ba. Galibin wayoyin yanzu ma ba GPS na Amurka kaɗai suke ji ba, har da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. A fili, kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Don Allah rijiyar da aka sa da kuskuren mita 5, wa zai je ya rasa ta?

Inda ake shan wuya cikin gari ne. Ka shiga lungunan wajen Gobarau ko bayan Ƙofar Soro, katanga nan katanga can, ga rumfunan kwano, sai siginar ta bugi bango ta dawo, ka ga ɗigon da ke nuna inda kake a taswira ya tsallaka gidan maƙwabci. Kuma wallahi Garmin ɗin ma haka take yi a nan, ba ta ganin sama ta cikin bango. Maganin shi ne ka tsaya, ka ɗaga wayar, ka jira lambar kuskuren ta sauko kafin ka danna. KoboCollect, manhajar cike fom a waya, yana nuna maka lambar ƙiri-ƙiri. Yaranmu sauri suke yi, shi ne matsalar. In an dawo kuma a daidaita da hoton sama kafin a ɗora a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a kai.

Ban ce Garmin ba ta da amfani ba fa. Irin eTrex ɗin nan batir biyu take ci, na tocila ƙanana, masu ita sun ce tana kai awa 25, ga jure ƙura da ruwa. Wanda zai hau mashin ya bi hanyar ƙauye wajen Mashi ko Mai'aduwa yini guda yana zana hanya, ita ta dace da shi, don waya a ranar nan tamu zafi take ɗauka ta mutu. Amma ba ta da kyamara, ba ka cike fom da ita, sai an jona ta da kwamfuta an kwashe.

Saboda haka a sayi biyu, a ajiye wurin ma'aji, mai fita ƙauye ya sa hannu ya ɗauka. Sauran kuɗin a sayi fawa banki, a sa ma masu fita man mashin.

Af, kowa ya sauke taswirar yankinmu a OsmAnd, manhajar taswira ta waya, tun yana gida. Kuma Shugaba, a taimaka a samo mana takarda daga wurin hakimi, a fara gaida mai unguwa kafin a shiga. Yadda gari yake yanzu, baƙo yana ɗaga waya a ƙofar gidan mutane ba ƙaramar magana ba ce. Hajiya ma'aji, ki tambayo mana farashin eTrex ɗin kafin zaman Asabar. Na gode.