Tambaya da Amsa: Batirin litiyam zai iya tayar da motar soja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran wutar mota ne a Agege, kuma maƙwabcina, wani tsohon soja, ya dage cewa batirin litiyam irin na sola da ake sayarwa a kasuwar Alaba ya fi batir mai ruwa dacewa da motocin soja. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar dattijon tana da ƙamshin gaskiya, sai dai batirin da yake nufi ba shi ake ɗaura wa motar soja ba.

Manyan motocin soja da masu sulke yawanci da bolt 24 suke aiki, shi ya sa ake haɗa musu batura biyu masu bolt 12, na ma'aunin da ƙasashen NATO ke kira 6T, kowane ɗaya kusan kilo 40. Kamfanoni irin su Saft na Faransa sun ƙera na litiyam mai girman akwati guda wanda yake ba da bolt 24 shi kaɗai, nauyinsa kuma bai kai na ɗaya daga cikin biyun ba. Wannan yana tayar da inji ba tare da gardama ba.

Amma abin da ya ja hankalin sojoji gare shi ya wuce tayar da mota. Idan suna kwanton ɓauna da dare sukan kashe inji don kada ƙara ta tona musu asiri, alhali oba-oba da na'urar gani a duhu suna ta jan wuta. Batir mai ruwa idan ana yawan zuƙe fiye da rabin cajinsa ba ya daɗewa, kuma da asuba ana iya murɗa makulli a ji shiru. Litiyam kuwa yana jure zuƙa mai zurfi sau dubbai.

Na sola an yi shi ne don ya riƙa ba da wuta sannu a hankali. A cikinsa akwai allon lantarki mai tsaron lafiyarsa, wanda a ƙanana da yawa yake katse wuta idan an ja fiye da amfiya 100 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ce), alhali kik ɗin babban injin dizal ɗaruruwan amfiya yake fizga lokaci guda. Ka san sauran, tunda aikinka ne: ƙaras ɗaya za ka ji, fitilun dashbod su mutu. Haka kuma litiyam da ya yi ƙasa yana zuƙar caji da ƙarfin da zai iya ƙona altaneta, wato na'urar da ke cajin batir a mota, idan ba a yi ta dominsa ba.

Sai batun gobara, wanda a ganina ya fi duka nauyi ga motar da harsashi zai iya hudawa. Litiyam idan ya kama da wuta kashe shi sai an sha wahala, don haka na soja galibi nau'in LFP ne mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jure zafi, kuma sai an gwada shi da harbi kafin a amince da shi. Matsalar cajinsa cikin sanyin ƙanƙara ta Turai ce, ba ta Legas ba. Tamu ita ce zafin rana da ambaliyar damina, saboda haka akwatin da ruwa ba ya shiga wajibi ne.