Borin jinin da likita bai gano dalilinsa ba: sammu ne? Kuma yaya alwala da azumi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Tun kafin azumin bara nake fama da borin jini. Haka kawai jikina zai ɗauki ƙaiƙayi ya tashi rudu-rudu, kafin gari ya waye ya kwanta, jibi ya fito a wani wuri. Wani lokaci bayan wanka ne, wani lokaci ina zaune ban ci komai ba. Akwai ranar da leɓena da harshena suka kumbura bayan na ci kwaɗon zogale a gidan suna, sai da aka kai ni asibiti cikin dare. An auna jinina an ce ba a ga komai ba. Innata da yayata sun ce tunda likita bai ga komai ba to da hannu a ciki, wai abokiyar zamana ce, domin bayan tarewarta ciwon ya fara. Suna so su kai ni wajen wani mai duba a ƙauye. Ni ma zuciyata ta fara karkata, har na daina cin girkinta. Malam, ya halatta in je? Kuma yaya zan yi da alwala da wanka ranar da ruwa ke tayar mini da ciwon, da azumi idan ya taso da rana? Sannan uwar mijina na cewa in riƙa cin gujiyar da nake gudu tun ranar kwaɗon nan kaɗan-kaɗan jiki ya saba, wai ƙin abinci a gidan mutane wulaƙanci ne.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ki lafiya, ƴar uwa, ya sa kaffara ne.

Zan fara da maganar abokiyar zamanki, domin a nan addininki ya fi shiga haɗari. Hujjar da Inna ta kafa ita ce: likita bai gani ba, saboda haka hannu ne. Wannan ba hujja ba ce a shari'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma a ruwayar Ibnu Mas'ud an ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Ke nan tun daga bakin Annabi mun ji cewa za a yi cutar da mutane ba su kai ga saninta ba. Bai ce idan kun jahilta ku nemi wanda za ku ɗora wa ba.

Su kansu likitocin fata ba baƙon abu ba ne a wajensu. Abin da suka sani shi ne a cikin fatar kowa akwai ƙwayoyin tsaro da ke sakin wani sinadari mai suna histamin, shi ke kumbura fata ya sa ƙaiƙayi. Idan borin ya wuce mako 6 yana zuwa yana komawa, suna lissafa shi cikin mai daɗewa, kuma a yawancin masu irin wannan ba a samun wani abinci ko wani abu na waje da za a nuna a ce shi ne. Sau da yawa garkuwar jikin ce da kanta ke tsokanar waɗannan ƙwayoyi. Ya fi kama mata, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma da yawa yana barinsu bayan watanni ko ƴan shekaru. Ana fama da shi a Faransa da Indiya, a gidajen da ba a taɓa yin kishiya ba. Manyanmu a nan sun san zamanin Nivaquine: mutum biyu su sha ƙwaya iri ɗaya don zazzaɓi, ɗaya ya yi barcinsa, ɗaya ya kwana yana susa har tafin ƙafa. Ba wanda ya ce an yi masa jifa. An san jiki da jini ne.

Cewa ciwon ya fara bayan tarewarta ma bai tabbatar da komai ba. Ki tuna abin da ya sauya a gidan a lokacin: an yi fenti, an shigo da sabon turaren wuta da humra, girki ya koma hannu biyu, ke kuma barcinki da kwanciyar hankalinki ba kamar da ba, wanda ba abin kunya ba ne ga mace. Damuwa da rashin barci suna cikin abubuwan da ke ƙara wa wannan ciwo ƙarfi. Ban ce ɗaya daga cikinsu ne ba. Ina nuna miki ne cewa ƙofofin suna da yawa, an rufe su duka an bar wadda ta fi zafi.

Allah yana cewa a Suratul Hujurat, aya ta 12, ku nisanci da yawa daga zato, lalle sashen zato zunubi ne. A Suratul Ahzab, aya ta 58, ya ce masu cutar da muminai maza da mata da abin da ba su aikata ba sun ɗauki ƙage da zunubi bayyananne. Annabi kuma ya ce ku kiyayi zato, domin zato shi ne mafi ƙaryar zance. Jingina wa musulma sihiri ba ƙaramar magana ba ce, tunda sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Kuma mun san yadda abin yake a unguwanninmu: yau a faɗa a ɗaki, gobe ya kai gidan biki, jibi a hana yara shiga ɗakinta, ƴaƴanta su tashi da tabon da ba sa iya wankewa. Saboda haka haramun ne a gare ki, da Inna, da yayarki, ku furta wannan tuhuma ko ku yi aiki da ita. Abin da ya ɗarsu a zuciya ba tare da kin nema ba, ba a kama ki da shi, matuƙar ba ki faɗa ba kuma ba ki gina komai a kansa ba.

Wani zai ce, Malam, ai kambun baka gaskiya ne, sihiri ma gaskiya ne. Haka ne, ba mu musu. Har ma zai kawo ƙissar Sahlu ɗan Hunaifu da Imamu Malik ya ruwaito, inda Annabi ya tambaya ko akwai wanda ake tuhuma. To a duba ƙissar da kyau. Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahlu yana wanka, ya yabi fatarsa da babbar murya bai sa albarka ba, Sahlu ya faɗi nan take. Magana ce da aka ji da kunne, ba duba aka yi ba. Kuma abin da Annabi ya yi shi ne ya yi wa Amiru faɗa, ya umarce shi ya yi wanki aka zuba wa Sahlu ruwan, ya miƙe, magana ta ƙare. Ba a kore shi ba, ba a ƙaurace masa ba. Ke me kika ji, me kika gani?

Zuwa wajen mai duba kuwa bai halatta ba ko kaɗan. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ko da allo ne a gabansa da carbi a hannu, muddin zai zana ƙasa ko ya tambayi sunan mahaifiya sannan ya ce ga wanda ya yi miki, hukuncin ɗaya ne. Ba ya buƙatar aljani kafin ya ce kishiya, tunda da amsar aka je masa. Ki ba Inna haƙuri da tattausan harshe, ƙauna ce ta sa ta, amma ba a yi wa mahaifi biyayya a saɓon Allah. Ruƙiyya ta halal tana hannunki: Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafukanki ki shafe jiki kamar yadda Nana A'isha ta ce Annabi na yi, tare da azkar na safe da yamma. Wannan na amfani ko mene ne sababin, kuma ba sai an ambaci sunan kowa ba.

Tare da ita ki ci gaba da neman magani. Ki roƙi a tura ki wajen likitan fata, ko da sai an je Yamai. Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ya taso, abin da kika ci, maganin da kika sha, sabulu, turare, lalle, musamman baƙin lallen da ake haɗawa da dayis. Ki ɗauki hoton wurin da waya, domin sau da yawa kafin layi ya zo kanki ya kwanta, likita ya ga fata sumul. Ki sani asfirin da ibuprofen da diklofenak suna tayar wa wasu da shi. Kuma ina gargaɗinki da deksa ɗin da masu tallar magani ke yawo da shi a tasha da kasuwa: yana kwantar da ƙaiƙayi da sauri, amma daɗewa ana shansa na jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. In kin riga kin daɗe a kansa kada ki yanke lokaci guda, likita ne zai rage miki a hankali.

Batun tsarki da sauƙi. Shari'a ta ɗauki ƙaiƙayi a matsayin uzuri: Anas ya ruwaito cewa Annabi ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu da Zubairu rangwamen sa alhariri saboda ƙaiƙayin da ke damunsu, alhali haramun ne ga maza. Ki fara da rarrabewa, ruwan ne ko abin da ke biye da shi. Sabulu da soso ba sa cikin wankan ibada. Farilla wanki ɗaya ne, na biyu da na uku falala ce. Cuɗawar da mazhabarmu ta Malikiyya ta wajabta bin gaɓa ne da tafin hannu a hankali, ba dirza ba, kuma akwai masu fatar da dirzar ce kanta ke tayar musu da rudu. Idan ruwan sanyi ne ke tayar miki, kamar a hunturu, ki ɗumama. Idan gaɓa ɗaya ce ta kumbura, ki wanke sauran ki shafi wannan da jiƙaƙƙen hannu. Idan kuwa kin jarraba kin tabbatar, ko likita masani ya faɗa miki, cewa ruwa kowane iri zai tayar da ciwon ko ya ƙara shi ko ya jinkirta sauƙi, to ki yi taimama, ko ta alwala ko ta janaba, bisa aya ta 6 a Suratul Ma'ida, kuma babu ramuwa a kanki. Ki yi ta bayan lokaci ya shiga, dab da sallar, kowace farilla da tata. In ƙura na sa ki atishawa, ki ajiye dutse mai tsarki kusa da sallayarki, domin a mazhabarmu ba sharaɗi ba ne ƙura ta maƙale a hannu. Ɗan ƙaiƙayin da ke wucewa cikin mintuna ba tare da kumburi ba bai kai uzuri ba.

Azumi kuma, magungunan da aka fi bayarwa, irin su setirizin da loratadin, sau ɗaya ake sha a yini, sai ki shawarci likita ki mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur. Idan ya taso da rana har ya kai ki ga wahala mai tsanani, ki sha magani ki rama ranar, babu kaffara. Allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, kuma haka majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997. Amma ranar da harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya ɗebe ki, ba zaɓi ba ne. Wajibi ne a nufi asibiti nan take, domin wannan yana kisa cikin ɗan lokaci, maganinsa allurar adirenalin ce a cinya. Ba a jiran magariba, ba a tsayawa jiƙa rubutu, ba a jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Ki faɗa masa wannan tun yau, ya san da shi, a kuma san mai babur ko motar da za a kira.

Saura maganar uwar mijinki. Allah ya saka mata, amma a nan ba za a bi ta ba. Wanda harshensa ya taɓa kumbura bayan wani abinci, bai halatta ya gwada kansa da shi a gida ba, ko da ɗan lakuce ne, domin na biyu na iya fin na farko. Allah ya ce kada ku jefa kanku zuwa halaka, Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa. Shi da kansa ya hana Aliyu cin dabino lokacin da yake murmurewa daga ciwo, kuma an kawo masa damo ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa, ba a kira wannan wulaƙanci ba. Ba a tabbatar gujiyar ce ba, tunda kwaɗo haɗi ne, amma ki nisance ta har likita ya tantance. Na san a Maraɗi wannan aiki ne: tana cikin ƙuli-ƙuli, da yajin tsire, da kilishi, da kunu, da man da ake suya. Ki tambaya kafin ki ci, ki ce likita ya hana ni, ki yi wa masu gida addu'a. Duk wanda ya san halinki ya ɓoye miki ita a abinci don ya gwada ko da gaske kike, ya yi zunubi, kuma abin da ya same ki yana wuyansa.

Ita kuma abokiyar zamanki, ki koma cin girkinta. Ki zauna da ita ki lissafa mata abubuwan da kike gudu, ki roƙe ta ranar girkinta ta ɗebar miki naki kafin ta sa ƙuli, ta ware miki ludayi. Idan maganar tuhumar ta riga ta kai kunnenta, ki nemi afuwarta, ki kuma wanke ta a gaban waɗanda aka ɓata ta a wajensu. Idan ba ta kai ba, kada ki kai mata, ki yi istigfari ki hana Inna da yayarki maimaitawa.

Wallahu a'alam.