Lambar hoton Baba ta sauka, ciwon ne ya ƙaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon daji a maƙogwaro, yanzu yana mako na uku da fara gashi, wato maganin da ake ƙona ciwon da haske mai ƙarfi (radiotherapy). Kafin a fara an yi masa hoton MRI, aka rubuta wata lamba da suke kira ADC, 1.05, a takarda. Makon jiya muka sake hoton a wani asibitin saboda layi ya yi yawa a na farko, sai aka rubuta 0.98. Na ji an ce hawa lambar ke yi idan magani na aiki. Baba ya ce in babu amfani a mayar da shi gida. Ina mafita? Daga wata ɗiya a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kafin komai, don Allah kada ya fasa gashin nan ko na kwana ɗaya. Irin wannan gashi yakan kai zama 35 cikin mako 7, kuma yanke shi a tsakiya dama ce ga ciwon ya farfaɗo.

Abin da kika ji yana da tushe. Hoton nan motsin ruwa yake aunawa a cikin tsoka, ADC kuwa ita ce lambar wannan awon. Ƙwayoyin daji a cushe suke kamar kasuwa ranar jajibirin Sallah, ruwa ba ya samun hanya, sai lambar ta yi ƙasa. Idan gashi ya fara kashe su, wuri ya buɗe, sai ta hau. Wani likita Bafaranshe, Denis Le Bihan, shi ya fito da dabarar wajen 1985, kuma ta yi matuƙar amfani a ƙwaƙwalwa, musamman wajen gano shanyewar ɓarin jiki da wuri.

Amma wuya ba ƙwaƙwalwa ba ne. A aikina babu inda ke wahalar da ni kamarsa. Mara lafiya na kwance ina kallon allo, sai ya haɗiyi yawu sau ɗaya, hoton ya goce. Iskar da ke cikin maƙogwaro da kogunan hanci tana karkatar da hoton, ƙarfen haƙori ma haka. Sannan da hannu likita ke zagaye ciwon kafin kwamfuta ta fitar da lamba. In ya ɗan haɗa da gefen da ya ruɓe ko ya kumbura, lambar ta canja. Ko mutum ɗaya aka ɗauka sau biyu a rana ɗaya a na'ura ɗaya, ba lallai lambobin su zo daidai ba. To ina ga na'urori biyu, wataƙila ɗaya mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5 ɗaya mai 3, kowace da saitinta? Shi ya sa masu bincike ke gwada na'urorinsu da ruwan ƙanƙara, wanda an san lambarsa kusan 1.1 ce, kafin su yarda da awon junansu.

Tazarar da ke tsakanin 1.05 da 0.98 kaɗan ce ƙwarai. Daga asibitoci biyu, ni ba zan gina hukunci a kanta ba, kuma yana sosa mini rai in ga an miƙa wa iyali lamba tsirara babu mai yi musu bayani.

Ki kai wa likitan gashin faya-fayan hotunan biyu, ba takardun kaɗai ba, ya duba da idonsa. In za a sake hoto, a koma na'urar farko. Ki kuma lura da abin rufe fuskar nan na roba da ake ɗaure kan Baba da shi: idan ya rame har ya fara yi masa yawa, ki faɗa wa ma'aikatan, domin wannan kan sa a sake tsara gashin. Hoton da ake yanke hukunci da shi yawanci sai kamar mako 12 bayan kammalawa ake yin sa. Ki karanta wa Baba wannan amsa, ki gaishe shi da jiki.