Da an tada injin niƙa sai ɗana ya shige ƙarƙashin gado

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni uwa ce daga Tawa. Ɗana na biyu yana da shekara huɗu. Maƙwabcinmu ya kafa injin niƙa a bayan katangarmu, tun ranar hankalinmu bai kwanta ba. Da an tada shi sai yaron ya toshe kunnuwa yana kururuwa, ya shige ƙarƙashin gado, wani lokaci har ya saki fitsari. Haka yake yi in kabu-kabu ya wuce kusa da shi, ko ruwa ya sauko kan rufin kwano, ko aka rangaɗa guɗa a gidan biki. Amma shi da kansa sai ya wuni yana dukan tasa da cokali. Riga mai kaushi ma ba ya yarda a sa masa. Babansa ya ce sangarta ce, a riƙe shi a bakin injin har ya saba. Uwar mijina ta ce iska ce, har an karɓo rubutu da turare. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya mana shi, ya ba ki haƙuri.

Na san tasar nan da cokali ita ce hujjar babansa: yaron da ke cika gida da ƙara, ta yaya zai ce ƙara na damunsa? To ni wajen nan ne ya fi kwantar mini da hankali a wasiƙarki. Ƙarar da mutum ya yi da hannunsa, ƙwaƙwalwa ta san tana tafe, ta san ƙarfinta, ta san kuma za ta tsaya da zarar an ajiye cokali, don haka takan rage mata kaifi tun kafin ta iso. Ki gwada yi wa kanki cakulkuli ki gani ko za ki yi dariya. Injin maƙwabci kuwa ba ya sallama, kuma yaro ba shi da ikon kashe shi. Akwai yaran da Allah ya yi su da jiki mai saurin ji: ƙarar da ke ba mu haushi kawai, su zafi take yi musu a kunne, ɗinkin riga kuma yana sukar su. Yaron da ya saki fitsari a ƙarƙashin gado ba wasan kwaikwayo yake yi ba.

Kafin komai a duba kunnen. Akwai wata ƴar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci. Ta yara gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa murar lokacin ƙura ke saurin tara ruwa ko ƙwayar cuta a bayan dodon kunne. In ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ki faɗa wa likita ko da bai tambaya ba, domin duka biyun suna taɓa ji. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, yaron da jinsa ya ragu yana iya kasa jin magana a hankali, amma ƙara mai ƙarfi ta buge shi fiye da kowa. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, ko da yake ki tafi da ɗan abinki a haɓar zane, don magani yakan yanke. In sun ga da buƙata za su tura ki babban asibitin jaha, ko wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL. Akwai sashensu a asibitin ƙasa na Yamai. Kada a ɗiga masa mai, ko ruwan albasa, ko wani jiƙo a kunne.

Yanzu maganar riƙe shi a bakin inji. Ban yarda ba, ko kaɗan. Hirar mutane ta yau da kullum tana wajen desibel 60, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Duk inda sai kin ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu da ke ya ji ki, ƙarar ta kai wajen 85. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan abin saurare na kunne ta tsayar wa babba 80, yaro kuma 75, na awa 40 a mako. Kin taɓa yin ciniki da mai niƙa inji na aiki ba ku yi wa juna ihu ba? Bakin injin nan bai dace da kunnen kowane yaro ba, balle naki. Sannan yaron da aka danne cikin tsoro yakan yi shiru daga ƙarshe, manya su ce ya saba, alhali sandarewa ya yi. Gobe sai ya ƙara da tsoron wanda ya riƙe shi.

Sai dai babansa bai yi kuskure duka ba. Gaskiya ne sai yaro ya riƙa jin ƙarar kafin ya saba da ita. Ɓoye shi daga kowane sauti ƙara masa tsoro yake yi. Bambancin shi ne wa ke riƙe da akalar.

Lokacin da nake koyarwa a jardan, wato makarantar ƙananan yara, a Yamai, ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a bishiyar dogon yaro. Akwai wata yarinya da tun ƙarfe tara take fara kallon bishiyar, ta cusa yatsu a kunne, ta kasa zana ko layi ɗaya. Sai na soma raɗa mata: “Yanzu za a buga.” Bayan wani lokaci na riƙa fita da ita ta tsaya can nesa tana kallon mai gadi yana ɗaga guduma. Ran nan na miƙa mata gudumar. Ta taɓa ƙarfen a hankali, ƙil, ta ja da baya, ta sake matsowa. Kafin hutun damina ita ce mai buga mana tashi, tana runtse ido tana murmushi.

Ki ba babansa aikin da ya dace da shi: ya je su yi magana da maƙwabci, namiji da namiji, a roƙe shi ya ƙwanƙwasa katanga ko ya aiko yaro minti biyu kafin ya tada inji. Ke kuma ki ce wa ɗanki, cikin murya ta yau da kullum, “Inji zai tashi, mu je wurinka.” Wurin nan ki shirya masa shi a ɗakin da ya fi nisa da katangar, ki jingina katifa a bango, ki ajiye zanenki da wani abin wasansa. Ya shiga ya fito yadda ya ga dama. Daga nan ki naɗi ƙarar injin a salula, ki miƙa masa, ki nuna masa inda ake ƙarawa da ragewa da kashewa. Minti kaɗan a rana, ƙasa-ƙasa, cikin wasa. In ya kashe, ya kashe. Idan wannan ya daina tada masa hankali, ku fita ku hangi injin daga inda shi ya zaɓa ya tsaya. Abu ne na makonni, wataƙila watanni, kuma ranar da ya kwana da zazzaɓi ko bai yi barci sosai ba za ki ga kamar an koma baya. A bar shi ya huta a irin wannan ranar.

In abin ya riga ya tashi yana kururuwa, ki rage magana. Ki ɗauke shi daga wurin, ki rungume shi da ƙarfi in ya yarda, domin irin waɗannan yaran sun fi son matsi a kan shafa a hankali. Fitsarin kuma a wanke ba tare da an tara masa yayye suna dariya ba. Abin toshe kunne irin na masu aikin inji yana da amfani a gidan biki ko kasuwar Lahadi, amma ban da wuni da shi, don kunnen da aka saba wa shiru ƙara kaifi yake yi.

Kakarsa jikanta take so. Addu'a da tofi ba mai hana su, ki ma yi mata godiya. Abu biyu kawai za ki roƙa: kada a rufe shi a ɗaki da hayaƙi, kada kuma a riƙa ce masa mai iska a gabansa.

Wasu za su ambata miki otizim, wato yanayin da ke shafar yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane, gara ki ji daga bakina. Tun 2013 likitocin Amurka suka sa irin wannan saurin ji cikin alamominsa, kuma ana ƙiyasta yana samun wajen yaro 1 cikin 100. Amma tsoron ƙara shi kaɗai bai isa a ce shi ne ba. Yara da yawa suna yi, su kuma wuce shi. Ba ki faɗa mini yadda maganarsa take ba. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi? Yana haɗa zance, yana shiga wasan tsaransa? In amsar waɗannan a'a ce, ki faɗa wa likitan yara a ranar da kuka je duba kunnen.

TAMBAYA: Inna, ni uba ne daga Yamai. Ɗana mai shekara uku, sai mutum biyu sun danne shi kafin a yi masa aski. Har mai askin ya ce kada in sake kawo shi.

AMSA: Ɗana, mai askin ya yi maka gata. Injin aski yana kuka a dab da kunne, yana girgiza ƙashin kai, ga gashi na zuba a wuya. A koma almakashi, a gida, yana zaune a cinyarka da tawul a wuya, ko da sai an kwana biyu ana yi gefe-gefe. Ranar da za ka yi naka askin ka tafi da shi ya yi kallo kawai. In kana da inji a gida, ka ba shi ya kunna ya kashe, ya ɗora a bayan hannunka, sannan a nasa. Kan yaro ɗan shekara uku ba sai ya yi ƙwal ba, ko da Sallah ce.